Yara 120 Da Aka Aika Neman Ilmi Ƙasar Amurka

Jama'a, a cikin darussan tarihin ilmi da mu ke yi an fi ba mu labarin makarantu da mutanen da suka kafa su. Ba safai a kan ba mu labarin yaron da aka ɗauke daga gaban iyayensa tun bai gama sanin ciwon kansa ba, aka ba shi sukolashif, aka sa shi a jirgi zuwa wata ƙasa don ya yi sakandare a can. Ga shi kuwa abu ne da ya ke iya samun kowane malami a cikinmu. Wata rana sai a ce ɗaya daga cikin 'yan ajinka ya ci jarrabawa, za a tafi da shi. Uban ya zo ya tsaya bakin ofis, ya ce, "Malam, kai ka san boko, ni ban sani ba. In bar shi ya tafi?" To, me za ka ce masa?

Saboda wannan tambaya na ga ya kamata in kawo muku labarin wata ƙasa da ta gwada abin da yara 120, mu ga ribar da ta ci da hasarar da ta yi. Ƙasar kuwa ita ce Sin, lokacin kuma daga 1872 zuwa 1881.

Mutumin da ya kawo shawarar

Sunansa Yung Wing. An haife shi a 1828 a wani ƙauye kusa da Macau, a kudancin ƙasar Sin. Iyayensa ba masu hali ba ne. Tun yana ƙarami aka sa shi makarantar mishan, ya koyi Turanci. A 1847 shugaban makarantar, wani Ba'amurke mai suna Samuel Robbins Brown, ya tashi komawa gida, sai ya tafi da yara uku, Yung Wing na cikinsu. Aka sa shi wata makarantar sakandare a garin Monson, cikin jihar Massachusetts.

Da ya gama, yana son shiga jami'a, ba shi da kuɗi. Masu kula da makarantar suka ce za su biya masa, amma da sharaɗin ya sa hannu a takarda cewa in ya koma gida aikin mishan zai yi. Ko da ya ke shi Kirista ne, ya ƙi, gama yana so ya zama da ikon zaɓen aikin da ya ga zai fi amfanin ƙasarsa. Waɗansu mata masu taimako suka agaza masa, shi kuma ya riƙa yin 'yan ayyuka a jami'ar yana samun na abinci. A 1854 ya sami digiri a Jami'ar Yale, shi ne mutumin Sin na farko da ya gama wata jami'ar Amurka.

Amma da ya koma gida sai ya tarar harshensa ya yi masa nauyi a baki. Tilas ya zauna wata da watanni yana sake koyon maganar da ya sha a nono. Ku riƙe wannan, za mu sake gamuwa da shi.

A zamanin nan ƙasar Sin tana cikin wuya. Ingila ta ci ta da yaƙi a 1842, sa'an nan Ingila da Faransa suka taru suka sake cin ta a 1860. Waɗansu manyan ƙasar suka gane cewa jiragen ruwa da bindigogi da injunan Turawa su ne suka rinjaye su, ba kuwa za a iya tsayawa gabansu ba sai an sami 'yan ƙasa da suka san sirrin waɗannan abubuwa. Yung Wing ya yi shekaru yana bin manya da shawara ɗaya, watau a aika da yara Amurka su koyo. A 1871 manyan gwamnoni biyu, Zeng Guofan da Li Hongzhang, suka kai maganar fadar Sarki, aka yarda.

Zaɓe da tafiya

Ga yadda aka shirya. Za a aika da yara 30 kowace shekara har shekara huɗu, su zama 120. Kowane yaro zai yi shekara 15 a can, daga ƙaramar makaranta har jami'a. Gwamnati za ta biya kuɗin jirgi da abinci da tufafi da makaranta, in sun komo kuma su yi mata aiki. Shekarun yaran daga 10 zuwa 16 ne, galibinsu wajen 12.

Kada ku zaci an yi ta rububin shiga. Manyan gidaje ba su ba da 'ya'yansu ba, domin a wurinsu hanyar girma ita ce yaro ya haddace littattafan magabata, ya ci jarrabawar Sarki, ya sami sarauta. Har sai da Yung Wing ya tafi Hong Kong neman yara kafin rukunin farko ya cika. Mafi yawan waɗanda aka samu daga lardin Guangdong su ke, can kudu, inda mutane suka riga suka saba da baƙi. Kowane uba ya sa hannu a takarda cewa in ciwo ko mutuwa ta sami ɗansa a can, ƙaddara ce, ba zai tuhumi kowa ba. Ku dubi nauyin wannan sa hannu a zuciyar uba, da ta uwar da ba a ma tambaye ta ba.

Aka tara yaran a wata makarantar share fage a Shanghai, aka koya musu ɗan Turanci. Rukunin farko ya tashi cikin watan Agusta 1872. Suka ƙetare tekun Fasifik a jirgin ruwa zuwa San Faransisko, daga nan suka shiga jirgin ƙasa suka ratsa Amurka tun daga yamma har gabas, a kan hanyar da ba a daɗe da gamawa ba, don a 1869 aka haɗa ta.  Rukuni na ƙarshe ya iso a 1875.

Zama a gidajen baƙi

Ba a zuba su a gidan kwana ɗaya ba. An rarraba su biyu biyu ko fiye a gidajen mutane cikin jihohin Connecticut da Massachusetts, don su yi saurin jin Turanci. Gidajen da suka nemi a ba su yara har sun fi yawan da a ke bukata. Matan gidajen nan suka riƙe su kamar 'ya'yansu, su koya musu karatu, su yi jiyyarsu in ba su da lafiya. Dabarar ta ci, gama ba a daɗe ba yaran suka shiga makarantun gari, da yawa a cikinsu kuma suka riƙa zuwa kan gaba a aji.

Sai dai akwai abin da ya dame su tun daga farko. Sun zo da dogayen riguna irin na ƙasarsu, kowa kuma da dogon tukku kitsattse har gadon baya. Yaran gari suka riƙa yi musu dariya, suna ce musu 'yan mata. Aka yarda su sa tufafin Turawa, amma ba a yarda su taɓa tukkun ba, saboda a ƙarƙashin sarakunan Manchu masu mulkin Sin a lokacin tukku alama ce ta biyayya ga Sarki, wanda ya aske kamar ya yi tawaye ne. Sai suka riƙa cusa shi cikin riga ko su naɗe shi ƙarƙashin hula.

Gwamnatin Sin ba ta manta da maganar harshe ba. Ta kafa ofis a birnin Hartford, ta ajiye malamai, ta gina babban gida wanda aka gama a 1877. Lokaci lokaci a kan kira yaran rukuni rukuni su zo su yi 'yan makonni suna karatun Sinanci da rubutu, a karanta musu gargaɗin Sarki, su yi gaisuwar ban girma. Amma ku gwada abin a ranku. Yaro ya yi watanni yana wasan ƙwallo da abokai, yana zuwa coci da mutanen gidan da ya ke zaune, malaminsa yana ce masa ya yi tambaya ya faɗi ra'ayinsa. Sa'an nan a kira shi ya zauna shiru yana hadda, in ya yi kuskure a hore shi. Wanne zai fi shiga ransa? Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Inda saɓani ya taso

Shugabannin da a ke aikowa daga gida su lura da yaran ba su ji daɗin abin da suka gani ba. Wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ne Wu Zideng. Ya riƙa rubuta wa fada cewa yaran sun yi sakaci da karatun gida, sun rage ladabi, sun fi son wasa, waɗansu sun shiga addinin Kirista, in an bar su za su komo ba su da amfani ga Sarki. Yana kuma ganin laifin Yung Wing ne, wanda shi kansa ya auri Ba'amurkiya a 1875. Ba duka maganarsa ce ƙarya ba. Da gaske waɗansu sun shiga Kirista, waɗansu sun yanke tukku, Sinancin da yawa kuma ya raunana.

Ta wajen Amurka ma abubuwa sun ɓaci. Babban abin da Li Hongzhang ya ke so shi ne waɗansu yaran su shiga makarantun soja na West Point da Annapolis. Da lokaci ya yi aka nema, Gwamnatin Amurka ta ƙi. A shekarun nan ƙiyayya ga leburorin Sin tana ta ƙaruwa a yammacin Amurka, har ta kai ga dokar 1882 wadda ta hana su shiga ƙasar.

Masu son yaran sun yi ƙoƙari. Shugaban Jami'ar Yale, Noah Porter, da waɗansu manyan malamai suka rubuta takardar roƙo. Marubucin nan Mark Twain ya je wurin Janar Grant, tsohon shugaban Amurka, shi kuma ya rubuta wa Li Hongzhang. Wannan ya jinkirta abin kaɗan, amma cikin watan Yuni 1881 umurni ya fito daga fada, a komo da su duka. Waɗanda suka fi daɗewa shekara 9 suka yi cikin 15 da aka shirya, na ƙarshe kuwa shekara 6. Biyu ne kaɗai suka sami digirin Yale a shekarar. Sauran, waɗansu suna tsakiyar jami'a, waɗansu ba su ko gama sakandare ba.

Komawa gida

Yara 94 suka koma a 1881. Sauran, waɗansu an riga an mai da su tun da fari, waɗansu sun rasu a can, kaɗan kuma suka ƙi komowa. Waɗanda suka sauka Shanghai suna tsammanin za su ga 'yan'uwa da tarba. Ba wanda ya zo sai ma'aikatan hukuma. Aka ɗora su a baro aka ratsa gari da su mutane suna kallo, aka kai su wata tsohuwar makaranta da aka daina amfani da ita, aka sa masu gadi, suka yi kwanaki ba a bar su sun je gida ba. Daga baya aka rarraba su, waɗansu aikin wayar tangaraho, waɗansu makarantar sojan ruwa, waɗansu haƙar kwal, waɗansu koyon aikin likita, da albashi irin na ƙaramin akawu. Manya suna yi musu kallon rabin baƙi. Waɗansu daga cikinsu suka mutu suna yi wa ƙasar yaƙi a teku, da Faransa a 1884, da Japan kuma a 1894.

In da a nan labarin ya ƙare, da sai mu ce kuɗi sun tafi a banza. Amma da shekaru suka wuce, ƙasar ta bukaci abin da su ke da shi.

Zhan Tianyou yana cikin rukunin 1872, yana kuma cikin biyun nan da suka sami digiri. Aikin injiniya ya koya, amma da ya komo sai aka tura shi makarantar jirgin ruwa, bai sami shiga aikin reluwe ba sai 1888. Daga 1905 zuwa 1909 shi ya shugabanci gina hanyar jirgin ƙasa daga Beijing zuwa Zhangjiakou, kimanin mil 125, ta cikin duwatsun da Babbar Ganuwa ta bi ta kansu. Ita ce babbar hanya ta farko da mutanen Sin suka gina da kansu ba da injiniyoyin waje ba. Inda hawan ya yi tsanani sai ya yi dabara, jirgi ya hau ya tsaya, sa'an nan ya juya akala ya ci gaba da hawa ta wani reshe. Ya gama kafin wa'adi, kuɗin da aka ware ma ba su ƙare ba.

Tang Shaoyi ya zama Firayim Minista na farko sa'ad da aka kafa jamhuriya a 1912. Liang Cheng ya zama jakadan Sin a Amurka, shi ne kuma ya yi ta fama har Amurka ta yarda a 1908 ta mayar da wani kashi na diyyar da aka ɗora wa Sin bayan tarzomar 1900. Da kuɗin nan aka sake aika ɗalibai daga 1909, aka kuma kafa makarantar Tsinghua a Beijing a 1911. Wani daga cikin yaran nan 120, Tang Guoan, ya shugabance ta a 1912. Ku lura da abin da aka sake a wannan karo. Galibin ɗaliban a gida su ke yin karatun share fage, su ƙware da harshensu da Turanci, sai sun girma a aika da su jami'a. Yau Tsinghua tana cikin manyan jami'o'in duniya. Yung Wing kuwa ya rasu a Hartford a 1912.

Abin da malami zai koya

Har yanzu a na ba yara irin wannan sukolashif. Misali, akwai makarantun United World Colleges, waɗanda aka fara da Kwalejin Atlantic a ƙasar Wales a 1962, suka kai 18 a 2019. Su kan ɗauki yara masu shekara 16 zuwa 19 daga ƙasashe da yawa, har da Nijeriya, su yi shekara biyu. Saboda haka tambayar uban nan tana nan, ga kuma abubuwa huɗu da na ga labarin ya koya mana.

Na ɗaya, a dubi shekarun yaro. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, wanda ya ke kusa da shi kuwa shi zai tanƙwara shi. Ƙasar Japan, maƙwabciyar Sin, ta aika da 'yan mata biyar Amurka a 1871. Ƙaramarsu, Tsuda Umeko, shekararta 6. Da ta komo a 1882 ta kusa mance Japananci sarai, magana da mutanen gidansu ma ta zama mata wahala. Ta yi babban aiki daga baya, don ta kafa makarantar mata a 1900, amma ta biya da tsada. Ɗan shekara 16 wanda ya iya karatu da rubutu da harshensa ba daidai ya ke da ɗan shekara 10 ba.

Na biyu, a karanta sharaɗi tun kafin a sa hannu. Wa zai biya kuɗin jirgi zuwa da komowa? In yaro ya yi ciwo, wa zai yi jiyya? Zai zo hutu? In mai biya ya fasa a tsakiya fa, kamar yadda aka yi a 1881, ina yaro zai ƙarasa? Me a ke so ya yi in ya gama? Yung Wing ya ƙi kuɗi saboda sharaɗi ɗaya. Uban da bai iya karatu ba, aikin malami ne ya zauna ya fassara masa takardar layi layi, kada ya ɓoye masa kome.

Na uku, a ba yaro guzurin harshensa, ba a fafe gora ranar tafiya. Malaman Hartford sun mai da karatun gida kamar horo, shi ya sa yaran suka guje shi. Ya fi kyau yaro ya tafi yana son harshensa, ya saba rubuta wasiƙa da shi, yana da littattafan da ya ke jin daɗin karantawa. Yanzu da akwai waya, a sa ranar da zai riƙa magana da gida, da iyaye da kakanni duka. Ni kaina da aka kai ni makarantar mishan ta kwana, ban ko bar ƙasar nan ba, amma da na je hutun farko kakata ta ce, "Kai ɗan nan, wace irin magana ce wannan, rabi namu rabi nasu?" Mu ma da mu ke nan kwaleji, inda sai mun shiga Sabo mu ke jin Hausa a kasuwa, mun san yadda harshe ya ke yin tsatsa.

Na huɗu, shi ne mafi girma, wanda ya aika yaro ya shirya karɓarsa a sake. Fadar Sin tana son yaran su kwaso ilmin injuna, amma su komo da tunani da ɗabi'a kamar ran da suka tafi. Wannan ba ya yiwuwa. Yaron da aka koya wa tambayar dalilin da ya sa injin ke juyawa, zai tambayi dalilin waɗansu abubuwa kuma. Da suka komo an hukunta su saboda sakewar da tafiyar ta jawo, alhali ba su suka aiki kansu ba, ƙasar kuma ta yi shekaru ba ta mori iliminsu yadda ya kamata ba. Malami ya gaya wa iyaye tun da wuri cewa ɗansu zai komo da waɗansu halaye baƙi, su yi haƙuri da shi. Ya kuma gaya wa yaron cewa ilmin da ya samo bai ba shi ikon raina wanda ya haife shi ba, gaisuwa da ladabi ba su rage masa kome.

To, in uban nan ya zo, ni dai ba zan ce masa "bar shi" ko "hana shi" nan take ba. Zan ba shi kujera, mu buɗe takardar tare, mu bi abubuwan nan huɗu ɗaya ɗaya, a kira uwar yaron da yaron kansa a ji ta bakinsu. In an ga hanya ta yi kyau, a sallame shi da addu'a, gama tafiya mabuɗin ilmi ce.

Tambayoyi

1. Don me manyan gidajen Sin suka ƙi ba da 'ya'yansu a 1872?

2. Kawo dalilai uku da suka sa aka komo da yaran a 1881. Wanne ne laifin yaran, wanne ne ba nasu ba?

3. Wane bambanci ke tsakanin shirin 1872 da na makarantar Tsinghua?

4. Ka ɗauka kai ne malamin aji. Rubuta wasiƙa da Hausa, wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba, zuwa ga ɗalibinka mai shekara 16 wanda zai tashi mako mai zuwa.